DARASI A KAN CINIKI: SA TAMBARINKA A HAJAR DA WANI YA YI, DA SAYAR DA ITA TA INTANET

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki, Ya haramta cin dukiyar mutane da ƙarya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, wata irin sana'a ta fara yaɗuwa tsakanin matasanmu maza da mata a Matameye da kewayenta. Mutum ba shi da masana'anta, ba shi da rumfa a kasuwa. Sai ya je wurin masu matse man gyaɗa, ko masu ƙuli-ƙuli, ko masu haɗa turaren wuta, ya ce a yi masa kaza. Ya zuba a kwalba ko leda, ya manna takarda mai ɗauke da sunan da ya zaɓa, ya ɗauki hoto da waya, ya baza a WhatsApp da Facebook. Mai saye yana Damagaram ko Yamai ko Kano, ya turo kuɗi, a kai masa kaya tasha. Wannan shi ne abin da za mu karanta hukuncinsa da hanyoyinsa.

Manyan kantunan duniya sun daɗe suna yin haka. Kantin Costco na Amurka yana sayar da kaya masu yawa da sunan Kirkland Signature tun 1995, alhali wasu masana'antu ne suke yi masa da yawa daga cikinsu. Kamfanin Amazon ma ya fito da nasa tambarin a 2009. Saboda haka asalin al'amarin sananne ne ga ƴan kasuwa, sabon abu shi ne ya iso hannun mai ƙaramin jari.

Kuma ƙasarmu tana da abin da za a sa wa suna. Tsofaffi suna tuna zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yake awonta, ana matse mai a masana'antar Matameye da ta Magarya, har fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa. Masana'antun sun tsaya, amma mata ba su daina matsar mai a gida ba. Ga kuma raken fadamun Korama, ga riɗi, ga zogale. Mafi yawan wannan arziki yana fita ne a buhu da jarka, babu sunan kowa a jikinsa, sai wani can ya zuba a kwalba ya ci ribar da ta fi ta manomi da ta mai matsa.

SHIN SUNAN KAYA DUKIYA NE?

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari haƙƙi ne na mai su, suna da ƙima ta dukiya, ana iya sayar da su, kuma bai halatta a yi musu ta'adi ba. Daga nan abu biyu suka fito. Na farko, halal ne ka ƙirƙiro suna ka ci amfaninsa. Na biyu, haram ne ka kwaikwayi tambarin wani, ko ka canza harafi ɗaya don mai saye ya ɗauka wancan ne. Wannan na biyun ya yi yawa a kasuwanninmu har wasu sun daina ganinsa laifi.

Ta fuskar hukuma, Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI, mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta tsara. Ƙasashe 17 ne a cikinta, rajista ɗaya tana kare tambari a dukkansu har shekara 10, kuma ana sabuntawa. Ta wannan ƙungiya ne aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar sunan asali a 2021. Amma Najeriya ba ta ciki. Wanda yake nufin kasuwar Daura da Kano, takardar Yawunde ba za ta kare shi can ba, kuma kayan ci da na shafawa da aka ɗura a leda ko kwalba suna bukatar lambar hukumar NAFDAC. A nan gida akwai hukumar ANMC mai kula da ma'auni da ingancin kaya. Ba mu ce yaron da ya fara da kwalba ashirin ya ruga rajista tun ranar farko ba, amma ya bincika tukuna kada ya gina a kan sunan da yake da mai shi.

TSAKANINKA DA MAI YI MAKA KAYA

Ka sani, ya ɗan'uwa, a nan sura uku ce, kowace da hukuncinta.

Idan kai ka sayi gyaɗa ka kai wa mai matsa, ka biya ta ladan aiki, wannan ijara ce. Mai naka ne, ƙuli naka ne, sai dai in kun yi wani sharaɗi bayyananne. A mazhabar Malikiyya mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki yana lamunin abin da ya ɓace ko ya lalace a hannunsa, sai in akwai shaida cewa ba sakacinsa ba ne.

Idan kuwa ka tarar da man an riga an matse, ka saye jarka, ciniki ne kamar kowane ciniki.

Sura ta uku ita ce mafi yawa, ita ce kuma ake yawan rigima a kanta: ka ce a yi maka lita hamsin nan da sati uku, gyaɗa da aiki duk nata. Malamanmu na Malikiyya suna sa wannan a babin salam, wato biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna yin haka a kan dabino, bai hana su ba, sai ya umurce su da su san mudu da awo da ajali. Saboda haka dole a faɗi yawan kaya, da siffarsu, da ranar kawowa, a kuma biya kuɗin gaba ɗaya, an yi rangwamen jinkiri har kwana uku. Risala ta Ibn Abi Zaid ta zaɓi ajalin ya kai kwana 15, sai in a wani gari za a karɓa. Malaman Hanafiyya kuwa sun ɗauki wannan ciniki babi ne mai zaman kansa, suna kiransa istisna'i, ba su wajabta biya a gaba ba, kuma Majalisar Fiƙihu ta bi wannan ra'ayi a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta a jinkirta kuɗin ko a biya kashi-kashi. A ganinmu, wanda ya iya biya gaba ɗaya ya fita daga saɓani, ya kuma taimaki matar da ba ta da kuɗin sayen gyaɗa. Ko wace hanya aka bi, a rubuta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umurni da rubuta bashi mai ajali, kuma saƙon murya da ya ɓace da faɗuwar waya ba ya raba gardama.

ABIN DA AKE RUBUTAWA A JIKIN KAYA

Nan ne wurin da ya kamata mu daɗe. Sa sunanka a kayan da wani ya yi ba ƙarya ba ce, domin ma'anarsa a al'adar ƴan kasuwa ita ce kai ka tsaya wa wannan kaya, in an sami aibi kai za a nema. Ƙarya tana shigowa ne idan ka ƙara abin da babu shi. Ka rubuta cewa masana'antarka ce ta yi alhali ba ka da ita. Ka sayo sabulu a Kano ka rubuta an yi a Dubai. Ka rubuta man gyaɗa zalla alhali an surka shi da mai na kanti mai arha. Ka rubuta lita ɗaya a kwalbar da ba ta cika lita ba, wannan kuwa shi ne tauye mudu wanda aka saukar da sura sukutum a kansa. Mafi muni, ka rubuta cewa garin zogalenka yana warkar da ciwon suga da hawan jini, har wani ya ajiye maganin likita saboda takardarka.

Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya wuce wani mai tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi a ƙasa, busasshen yana sama. Ya tuhume shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. Mai saye a kasuwar Matameye yana iya cusa hannu a buhu, ya shinshina mai, ya ɗanɗana ƙuli. Mai saye a Yamai ba shi da komai sai hotonka da maganarka. Hoton da aka gyara launinsa har man ya fi yadda yake haske, ko hoton kayan wani da aka ɗauko aka ce naka ne, shi ne busasshen saman tsibi a zamaninmu. Haka nan sa abokai su rubuta yabo kamar sun saya alhali ba su saya ba, ɗan'uwan najashi ne, wato ƙara farashi a kasuwa ba da nufin saye ba don a ruɗi wani.

Akwai kuma aibin da ido ba ya gani. Gyaɗar da aka ajiye da danshi tana yin fumfuna mai haifar da guba da ake kira afalatoksin, wadda take cutar da hanta. Masana sun gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo masu ɗimbin yawa suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da gyaɗa. Suya ba ta kashe ta, kuma ta fi zama cikin tunkuza da ƙuli. Wanda ya sa sunansa a leda ya ɗauki nauyin ya san irin gyaɗar da aka yi aiki da ita, ya sa a tsince ruɓaɓɓu da ƙanƙanannu, ya rubuta ranar da aka ɗura. Ba ya isa ya ce ai ba ni na soya ba.

TSAKANINKA DA MAI SAYE

Cinikin abin da ba a gani ba halal ne a mazhabarmu idan aka siffanta shi. Imam Malik ya ambata a Muwaɗɗa cewa ana sayar da dila bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki ba tare da an kwance ta ba, kuma in kaya suka dace da takardar ciniki ya lizimci mai saye. Bayanin da kake rubutawa ƙarƙashin hoto shi ne wannan takarda. In kaya suka iso saɓanin siffa, ko da aibin da aka ɓoye, mai saye yana da ikon mayarwa, kuma rubuta cewa ba a mayar da kaya ba ya kawar da wannan haƙƙi ga wanda ya san aibin ya yi shiru. Majalisar Fiƙihu ta tabbatar a 1990 cewa ciniki yana ƙulluwa ta na'urorin sadarwa ko da mutanen biyu ba su haɗu ba.

Wurin zamewa shi ne sayar da abin da ba ka mallaka ba, wanda aka hana Hakim ɗan Hizam. Wasu suna baza hoton kayan da suke shagon wani, in an turo kuɗi sannan su ruga nema. Mafita biyu ce. Ko ka zama wakilin mai kayan bisa lada sananne, kamar dillali. Ko ka ƙulla salam: ka ɗauki nauyin kawo kaya masu siffa kaza ranar kaza, ka karɓi kuɗin gaba ɗaya. Amma kaya ba sa hannunka, kuɗi ma sai an kawo, wannan bashi ne a kan bashi. Sannan ga abinci akwai ƙari: wanda ya sayi abinci da mudu ko awo ba ya sayar da shi sai ya karɓe shi. Man da yake gidan mai matsa ba a auna maka ba, kada ka sayar da wannan man da kansa.

Idan jarka ta fashe a mota tsakanin Takeita da Maraɗi, hasarar wa? Asali a kan mai sayarwa take har kaya su isa hannun mai saye, sai in an yi sharaɗin akasin haka, ko direban wakilin mai saye ne shi ya turo shi. A faɗi wannan kafin mota ta tashi.

LISSAFI

Bari mu buga misali kawai. Ka sayi lita a jikka ɗaya, ka sayar jikka ɗaya da rabi, sai ka ce ribarka rabin jikka. Ba ka cire kwalba da murfi da takarda ba, da kuɗin tasha, da ladan cire kuɗi a Nita ko Amana ko Airtel Money, da kuɗin intanet, da kwalbar da ta fashe, da wadda aka mayar. Bayan an cire waɗannan sau da yawa abin da ya rage ba ya kai rabin abin da aka zata. Saboda haka a fara da haja ɗaya wadda aka sani sosai, kaɗan-kaɗan, ba tare da bashin banki mai ruwa ba. Wanda ba shi da jari ya nemi mai ba shi ƙiradi, a raba riba bisa kaso sananne, ba bisa adadin kuɗi tsayayye ba.

Wanda ya dogara da hanyar Ɗan Barto zuwa Kongolam don sayen kwalabe ko kai kaya ya tuna cewa Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 sai a Maris 2024 aka buɗe. Ga kuma canjin naira da sefa da ba ya zama wuri ɗaya. Idan aka ƙulla ciniki mai ajali, a ambaci kuɗin da za a biya da shi, naira ko sefa, tun a wurin ƙullawa. In ranar biya ta zo aka so a biya da ɗayan, sai a yi da canjin wannan ranar, a kuma kammala biyan nan take kafin a rabu.

Zakka kuwa, kwalaben da aka cika don sayarwa hajar kasuwanci ce. Mai jujjuya kaya yana ƙimanta su a ƙarshen shekararsa da farashin ranar, ya haɗa da kuɗin da ke hannu da na cikin waya da bashin da yake sa ran a biya shi, in sun kai nisabi ya fitar da kashi ɗaya cikin 40. Wayar da yake aiki da ita da injin like leda ba sa shiga ƙima. Allah Shi ne Mafi sani.