Gyangyaɗi a Gaban Alƙali

Yawancinmu za mu shiga kotu wata rana, ko don ba da shaida ko don rakiyar ɗan'uwa. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya san ladabin wurin. Idan alƙali ya shigo kowa zai miƙe tsaye. Ba a cin goro, ba a hira, waya kuma a kashe ta.

Amma abin da muke so mu ja kunne a kai shi ne barci. Masunci ya kwana a kan ruwan Kainji, ko manomi ya yi sammako daga Shanga ko Wara zuwa Yelwa, ya zauna cikin zafi yana jiran a kira shari'arsa. Gyangyaɗi ba wuya. To, in ya yi barci, abokin shari'a zai faɗi magana a kan iyakar gona ko bashi, alƙali ya rubuta, shi kuwa bai ji ba balle ya musa. Mai minshari kuma ana iya korarsa waje, ko a ce ya raina kotu. Dokar Fenal Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi ɗaurin har wata 6 ga mai katse zaman shari'a da gangan.

Lauyoyi ma ba su tsira ba. A jihar Texas ta Amurka an yanke wa Calvin Burdine hukuncin kisa a 1984, alhali lauyansa yana ta gyangyaɗi ana cikin jin shaidu. Sai a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar dole a sake shari'ar, bayan mutumin ya shekara 17 da wannan hukunci a wuyansa.