Tantanin Ƙwayar Halitta da Tsufa: Abin da Kafso Zai Iya da Abin da Ba Zai Iya Ba

Daga cikin tambayoyin da waɗanda suka haura shekara 50 suke yawan kawowa gaban likitoci da masu harhaɗa magunguna akwai batun kafson da ake tallatawa da sunan yana gyara tantanin ƙwayoyin halittar jiki, yana kuma jinkirta tsufa. Tambayar tana da tushe, domin tantanin yana nan, lalacewarsa da yawan shekaru ma tabbatacciya ce. Sai dai tsakanin wannan ilimi da alƙawarin da ake rubutawa a jikin kwalba akwai tazara mai nisa, wadda ya kamata mai saye ya san faɗinta kafin ya fitar da kuɗinsa.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, wato ƙananan sassa masu rai waɗanda ido ba ya ganinsu sai da na'ura, kuma kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani siririn tantani wanda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 na milimita ba. A shekarar 1925 wasu masana biyu na ƙasar Holand, Gorter da Grendel, suka tatso maiƙon da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini suka auna, suka nuna cewa tantanin ruɓi biyu ne na wani nau'in maiƙo da ake kira fosfolifid, wanda kansa yake son ruwa, jelarsa kuma take gudunsa. A 1972 Singer da Nicolson na Amurka suka ƙara da cewa wannan maiƙo a narke yake, yana motsi, kuma sinadaran furotin suna yawo a cikinsa suna aikin ƙofofi da masu karɓar saƙo. Ta waɗannan ƙofofi ne suga yake shiga ƙwaya idan sinadarin insulin ya ba da umarni, ta nan ne kuma ake fitar da gishirin sodiyam a shigo da fotasiyam, aikin da bugawar zuciya da tafiyar saƙo a jijiyoyi suka dogara a kansa, wanda gano na'urarsa a 1957 ya jawo wa Jens Skou na Danmak kyautar Nobel a 1997.

Abin da shekaru suke yi wa wannan tantani an fi fahimtarsa ta hanyar ra'ayin da Denham Harman ya gabatar a 1956. Yayin da ƙwaya take ƙona abinci da iskar oksijin don ta samu kuzari, wasu ɓurɓushin sinadarai marasa natsuwa sukan kuɓuce, su afka wa maiƙon tantanin su ɓata shi, irin yadda man gyaɗa yake canza wari da ɗanɗano idan ya daɗe a buɗe cikin zafi. Jiki yana da masu gadinsa, daga cikinsu akwai bitamin E da yake zaune cikin maiƙon tantanin kansa, da bitamin C da yake sabunta ƙarfin bitamin E bayan ya gama aiki. Amma da tafiyar shekaru gyara yakan fara kasa cim ma ɓarna, tantanin ya rage laushi, ƙofofinsa su rage amsa kira. Yawan suga a jini yana ƙara dagula al'amarin, domin suga yana manne wa furotin ya sandarar da shi. Iyalan da suke da mai cutar sikila sun san illar raunin tantani ko da ba su san sunansa ba, domin a wannan cuta gurɓataccen sinadarin da ke cikin jar ƙwayar jini yana lanƙwasa ta yana raunata tantaninta, har ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 a maimakon kimanin kwana 120 da lafiyayyiya take yi.

Daga nan hankali zai ɗauka cewa wanda ya sha bitamin masu gadi da yawa zai rage saurin tsufansa, kuma haka masana da dama suka zata, har suka kashe kuɗi masu yawa wajen gwadawa. A nan gizo yake saƙa. A ƙasar Finlan an bi maza masu shan taba fiye da 29,000, aka ba wasunsu sinadarin beta-karotin, wanda jiki yake mayarwa bitamin A, aka ba wasu kafson da babu komai a ciki. Da sakamakon ya fito a 1994 sai aka tarar sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin masu shan sinadarin. Wani gwaji makamancinsa a Amurka dakatar da shi aka yi a 1996 tun bai kai wa'adinsa ba, saboda irin wannan illa. A 2011 kuma binciken da aka yi a kan maza kimanin 35,000 ya nuna cewa shan bitamin E mai yawa kullum, adadin da ya ninka buƙatar jiki fiye da sau goma, ya ƙara haɗarin sankarar furostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin 100. Man kifi ma, wanda yake ɗauke da maiƙon omega-3 da ƙwaƙwalwa da ido suke gina tantaninsu da shi, da aka ba mutane kusan 26,000 giram ɗaya a kullum har tsawon shekara 5, sakamakon da aka bayyana a 2018 bai nuna ya rage jimillar manyan cututtukan zuciya ko sankara ba. Waɗannan gwaje-gwaje ba su rushe ilimin tantani ba, abin da suka rushe shi ne zaton cewa abin da yake da amfani a cikin abinci zai fi amfani idan aka ware shi aka ninka.

Akwai kuma dalili na biyu da masu talla ba su cika faɗa ba. Fosfolifid ɗin da aka haɗiya a kafso ba ya wucewa kai tsaye ya liƙe a inda tantani ya yi rauni, domin ruwan narkar da abinci yana farfasa shi a ƙaramin hanji kamar kowane maiƙo, daga nan hanta da sauran ƙwayoyi su ƙera nasu gwargwadon buƙata. A 2003 ma, da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta duba sinadarin fosfatidilserin da ake sayarwa don maganin mantuwar tsufa, ta ce hujjar amfaninsa ƙarama ce ƙwarai. Dokar da ƙasar ta kafa a 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya tabbatar da cewa irin waɗannan kayayyaki suna aiki kafin ya kai su kasuwa ba, kuma da yawa daga cikin kwalaben da suke shigowa kantunan magani na Kano da Yamai daga irin wannan kasuwa suke fitowa. A Najeriya, lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalba abin dubawa ce, wadda rashinta ya isa a ajiye kayan, amma samunta ba shaidar cewa kafson yana hana tsufa ba ce.

Shawarar da ilimi ya fi goyon baya ita ce a ba jiki kayan ginin ta hanyar abinci. Maiƙon omega-3 da omega-6 jiki ba ya iya ƙera su da kansa, abin da George da Mildred Burr suka fara nunawa tun 1929, don haka cin kifi mai maiƙo sau biyu a mako, irin su titus da sadin, shi ne abin da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka take ba da shawara a kai. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan miligiram 150 na sinadarin kolin, wanda da shi ake haɗa fosfolifid mafi yawa a tantani. Bitamin E da baligi yake buƙata miligiram 15 ne kacal a rana, kuma gyaɗa da man gyaɗa da ganyaye irin su zogale da alayyahu suna taimakawa wajen cika shi, yayin da manja yake ba da beta-karotin a yanayinsa na asali, goba da lemo da 'ya'yan kuka kuma suke ba da bitamin C. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta canza launi a zubar da ita, domin tana iya ɗaukar dafin afalatoksin mai lalata hanta.

Hana ɓarna ya fi wannan duka nauyi, kuma a nan ne ake yawan sakaci. Man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi, a kaskon ƙosai ko na awara ko na kifi, maiƙo ne da ya riga ya ɓaci kafin ya shiga ciki, kuma abin takaici ne a ga magidanci yana kashe dubban nairori a kan kafso alhali abincin gidansa da irin wannan mai ake soya shi. Hayaƙin taba yana cika jini da ɓurɓushin nan masu ɓarna, har ma an ƙiyasta cewa mai shan taba yana buƙatar ƙarin miligiram 35 na bitamin C a kullum fiye da wanda ba ya sha, sai dai daina sha shi ne maganin. Mai ciwon suga da mai hawan jini ba su da wani gyaran tantani da ya kai riƙe awonsu daidai, tafiya da ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30 a yawancin ranakun mako kuma tana sa ƙwayoyin tsoka su fi amsa kiran insulin.

Duk da haka akwai waɗanda ƙarin sinadari ya zame musu wajibi, kuma hana su zai zama cutarwa. Mai juna biyu tana buƙatar folik asid da sinadarin ƙarfe, masu sikila akan ɗora su a kan folik asid, tsofaffi da waɗanda suka daɗe suna shan maganin suga na metformin kuma sukan rasa bitamin B12, rashin da yake jawo kasala da dindiris a ƙafa da mantuwa, wanda sau da yawa ake ɗora wa tsufa alhali gwajin jini zai bayyana shi. Wanda maiƙon jininsa na tiraigilisarid ya yi yawa, likita na iya rubuta masa tataccen omega-3 mai ƙarfi, amma wannan magani ne da ake sha ƙarƙashin kulawa, domin yawansa yana iya jawo rikicewar bugun zuciya. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin kada ya haɗa da bitamin E ko man kifi mai yawa ba tare da sanin likitansa ba, saboda haɗarin zubar jini, mai ciki kuma ta guji bitamin A mai yawa domin yana iya nakasa ɗan tayi. Wanda ya riga ya sayi kwalba ya ɗauke ta ya kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna tare da sauran magungunan da yake sha, a duba adadin da ke cikin kowane kafso, a yi masa gwajin jini idan akwai alamar rashi, sannan a yanke ko ya ci gaba ko ya ajiye.