Amsoshin Tambayoyinku: Kogin Komadugu Yobe

Wani mai sauraronmu daga Gashuwa ya aiko da tambaya yana cewa: "Don Allah ina son tarihin kogin da ya raba Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, kuma daga ina yake tasowa?"

To Malam, sunan wannan kogi Komadugu Yobe. Ruwansa na fitowa ne daga manyan koguna biyu, wato Kogin Hadeja da ke tasowa daga ƙasar Kano, da Kogin Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Jos. Sukan haɗu a fadamun Hadeja da Nguru, ruwan ya ratsa Gashuwa da Gaidam, sannan ya zama iyaka na kimanin kilomita 150 kafin ya faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso da Malam Fatori.

Tun kafin zuwan Turawa, kusa da gaɓarsa Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu, babban birnin Daular Borno, a ƙarni na 15. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 ce ta mayar da shi iyaka, alhali Barebarin gaɓa biyun dangin juna ne, kasuwarsu ɗaya, auratayyarsu ɗaya.

A nan ake noman jan tattasan da Diffa ta yi suna da shi, ga masunta da makiyaya. Sai dai fari da madatsun ruwa na Tiga (1974) da Challawa (1992) sun rage masa ƙarfi. Nijeriya da Nijar dai sun ƙulla yarjejeniyar raba ruwa a Maiduguri tun 1990.

Da fatan ka gamsu, Malam.