Tantance Katakon Tik Kafin Sayen Kayan Ɗaki

Tik, wato itacen da asalinsa daga Indiya da Bama yake kuma aka shigo da shi Najeriya a zamanin Turawa, ba ya samun ruwan da yake buƙata a kwarin Rima, don haka katakon da kafintocin Birnin Kebbi da Argungu ke sarrafawa daga nesa ake kawo shi, kuma mai saye a Zauro ba shi da abin dogaro sai idonsa da hannunsa.

Darajar tik tana tsakiyar itacen ne, inda launinsa yake ruwan zuma, yana da maiƙo a hannu da ƙamshi irin na jemammiyar fata, kuma wannan maiƙon ne ke hana gara da danshi cin sa. Farin gefen da ke dab da ɓawo ba shi da wannan kariya, shi ya sa ya kamata a duba katako kafin a shafa masa fenti, domin malaina, wadda ta fi shi sauƙin nauyi da araha, takan ɓuya ƙarƙashin launi. Bushewa ma babban sharaɗi ce, tunda ɗanyen katakon da aka haɗa gado da shi da damina yakan tsage ko ya karkace da zarar hunturu ya kama.

Game da asali kuwa, ya dace a nemi takardar izinin sara daga hukumar gandun daji, a kuma fifita itacen dashe, irin na gandun Nimbiya a Jihar Kaduna, a kan madobiyar daji, wadda yawan sara ya sa aka taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe tun 2017.