Tafasa da Rai Ɗore

Damina ta sauka. Daga Funtua har Malumfashi, tafasa da rai ɗore sun fito tare a bakin hanya. Furensu duka rawaya ne, shi ya sa yara ke ruɗewa.

To, ku dubi ganye. Na tafasa shida-shida ne, uku dama, uku hagu, ba su da tsini. Na rai ɗore sun fi yawa, ga tsini kamar mashi. Kwanson tafasa siriri ne, ya lanƙwashe kamar lauje. Na rai ɗore ya fi faɗi.

Tafasa ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Amma 'ya'yan rai ɗore dafi gare su. Suna kashe awaki da kaji, har yaro ma in ya ci da yawa. In za ku aiki yaro tsinko tafasa, ku ƙirga ganyen tare da shi tukuna.