Darasi A Kan Ƙosai

'Yan'uwa, a ƙasar Ɗambatta da Bichi gonakinmu ƙanana ne, nama kuwa yana da tsada. Amma waken da muke shukawa tsakanin gero da dawa yana gina jikin yara. Saboda haka bari mu koyi yin ƙosai da kyau.

A surfa wake, a wanke bawon, a jiƙa. A markaɗa da albasa da attarugu, ruwa kaɗan. Sa'an nan a buga ƙullun har ya tashi, gama iskar da ta shige shi ita ke sa ƙosai laushi. Ƙullun da bai bugu ba yakan yi nauyi. Gishiri sai a ƙarshe. A soya cikin man gyaɗa mai zafi.

Mu ba yara da koko tun da safe.