Buɗe Kamfani a Dubai

Mai sauraronmu daga Kano, kana tambaya ko baƙo zai iya buɗe kamfani a Dubai ba tare da ɗan ƙasa ba. To, Alhaji, zai iya. Tun watan Yunin 2021 doka ta ba baƙo damar mallakar kamfaninsa gaba ɗaya a yawancin sana'o'i. Akwai kuma yankunan kasuwanci na musamman, irin su Jebel Ali, amma lasisinsu ba ya ba ka damar sayar da kaya kai tsaye a cikin gari. Tun 2023 ana karɓar harajin kashi 9 cikin ɗari kan ribar da ta haura dirhami 375,000. Don Allah kada ka tura wa dillali kuɗi kafin ka tantance lasisinsa.